Ƙaramar Kyamara da Tsagen Mama

Ranar da na kai ƙaramar kyamarata wurin taronmu, a jakar hannu na sako ta, tare da makullin ɗaki da hankici. Laifinta na farko ke nan. A wurin mutanenmu kyamara abu ce da ake ratayawa a wuya har ta bar wa mutum shaida a ƙeya, tana da jakarta ta musamman, kuma in ka shigo da ita ana ganinka tun daga bakin titi. Ni kuwa sai da na zauna, na sha ruwa, aka gama gaisawa, sannan na zuge jaka na fito da ita na ajiye a kan benci.

Mu 'yan ƙungiya ne na masu sha'awar hoto a Lafiya, yawancinmu ba sana'armu ba ce. Kowace Asabar da hantsi mukan haɗu a barandar situdiyon shugabanmu a unguwar Bukan Sidi, kowa ya kawo abin da ya ɗauka, a duba, a yaba, a kushe. An fi kushewa. Ni kaɗai ce mace, malamar firamare, kuma na shiga ne da wata tsohuwar kyamarar fim da na saya hannu na biyu. Shugaban, wanda kowa ke kira Ciyaman, ya yi aikin ɗaukar hoto a gwamnati har ya yi ritaya. Dattijo ne mai kirki, shi ya koya mini yadda ake tsayawa a bar rana a bayan kafaɗa. Amma yana da taurin kai, ni ma kuwa ba baya ba ce.

Wani Alhaji mai kemis, wanda ya fi kowa manyan kayan aiki a cikinmu, shi ya fara ɗaukar ta. Ya ɗora a tafin hannu yana jinjinawa.

"Malama, wannan sabulu ne ko kyamara?"

Aka yi dariya, ni ma na yi, don gaskiya girmanta bai wuce na sabulun wanka ba. Na ce ya danna maɓallin sama. Da ya danna, gilashin gaban ya fito da kansa da wata 'yar ƙara, Alhaji ya zabura kamar ya taɓa ƙadangare. Sai ya kai ta ido yana neman ramin leƙawa, ita kuwa ba ta da shi, hancinsa ya bar maiƙo a allon baya. Na goge da gefen gyalena, na miƙe hannu, na ɗauki wani keke mai ƙafa uku da ke wucewa da lodin rake, na juyo musu da allon. Ga keken, ga raken, har da ƙafar fasinja da ta leƙo waje.

Mutanen da suka saba jiran kwanaki kafin su ga abin da suka ɗauka suka taru a kaina, kawuna na gwaruwa. Kowa na so ya danna. Wani ya ɗauki takalminsa, wani ya ɗauki akuyar maƙwabta. Cikin ɗan lokaci manyan mutane masu furfura sun koma kamar 'yan ajina ranar da aka kawo sabon ƙwallo, kuma na ji daɗin ganinsu haka.

Ciyaman ne kaɗai bai tashi ba. Sai da hayaniya ta lafa ya miƙo hannu, ya juya ta gaba da baya, ya karanta rubutun da ke jikin gilashin, sannan ya yanke hukunci iri biyu. Na farko, ya ce hotonta ba zai wuce girman foskad ba, wato ɗan katin hoto, in aka ja shi ya yi girma zai farfashe. Na biyu shi ne ya fi damunsa. Ya ce mai hoto shi ke ganin mutum, mutum ba ya ganin kansa sai an wanke an gyara an miƙa masa a ambulan. Duk ranar da ka fara nuna wa mutum hotonsa nan take, ka zama ɗan aikensa, zai ce goge wannan, sake wancan, hancina ya yi girma. Ya dawo mini da ita da yatsu biyu.

"Abin wasa ne mai kyau. Ki kai wa yara a makaranta."

Na mayar da ita jaka ina murmushin yaƙe. Abin da bai sani ba shi ne, wannan aibin na biyu da ya faɗa, saboda shi na je har Abuja na sayo ta.

A situdiyon Ciyaman akwai doka, kuma duk ƙungiya ta ɗauke ta tamkar addini: hoton fuska ba ya fita sai an yi masa gyara. A da da fensir da ɗan buroshi yake yi a jikin fim, daga baya ya koma kwamfuta. Ƙuraje su tafi, tamoji ya tafi, fata ta ɗan yi haske. A ganinsa wannan ladabi ne ga wanda ya zo wurinka. Mutane kuma suna so, ban musa ba.

To, mahaifiyata 'yar ƙabilar Eggon ce, a kan dutse aka haife ta, aure ya kawo ta garin Arikya, daga baya sayar da doya ya zaunar da ita a Lafiya. Tana da tsage a kumatu, irin na mutanen da, wanda yanzu ba a yi wa kowa. A cocinmu tsofaffi suna da al'adar ɗaukar hoto tun da sauran ƙarfinsu, a ajiye, don ranar da za a buga fostar jana'iza kada 'ya'ya su rasa abin sakawa su yanko kai daga hoton bikin wani. Ba abin tsoro ba ne a wurinsu, kamar ɗinka kayan Kirsimeti ne. Watanni kafin in sayi kyamarar, yayana, wanda ke aiki a sakatariya, ya ɗauki Mama ya kai ta wurin Ciyaman. Aka sa mata leshin matarsa, aka naɗa mata ɗankwali mai tsayi, aka zaunar da ita gaban labule mai hoton bene. Mama in ta ga babbar kyamara takan sandare, ta haɗe baki kamar wadda za a yi wa allura.

Da aka kawo hoton cikin firam, babba, mai sheƙi, ina gidan. Matar da ke ciki kyakkyawa ce, fara, fuskarta sumul. Babu tsage ko ɗaya. Mama ta daɗe tana kallo, ta matso da shi, ta nisanta shi.

"Wannan matan wane ne?"

Yayana ya ce ita ce mana, an ɗan gyara ne. Da ya tafi Mama ta juya firam ɗin ya fuskanci bango, ta jingina buhun gari a jikinsa. Ni na san abin da ya sa yayana ya ji daɗin hoton. Yana ƙarami yara sun sha tsokanarsa a makaranta, suna cewa kyanwa ta yakushi uwarsa, har ya daina yarda ta kawo masa abinci bakin ƙofa. Na san wannan, ina kuma tausaya masa. Amma fuskar ba tasa ba ce.

Washegarin taron da aka kira kyamarata sabulu Lahadi ce, don haka sai Litinin bayan an tashi makaranta na bi Mama kasuwa. Tana zaune a kujerarta 'yar tsugunno, doya jere a gabanta kashi-kashi, tana faɗa da wani mai saye da ya ce doyarta ta yi tsada. Na ɗauke ta ba ta sani ba, don ta zaci waya nake dubawa. Da mutumin ya tafi na tsuguna na nuna mata. Ta karɓa da hannu biyu, ta kare allon daga rana da gefen zaninta. Ta ga kanta baki buɗe, hannu a sama.

"Kai! Haka nake yi? Goge shi."

Na goge a gabanta. Ta tambaya ina ya tafi, na ce ya tafi ke nan. Ta ce in sake. Daga nan Mama ta karɓi ragamar aikin, daidai yadda Ciyaman ya yi hasashe. Na zama 'yar aikenta, kuma ban taɓa jin daɗin aike irin wannan ba. Wannan idona a rufe, goge. Wannan na yi kama da mai jin yunwa, goge. Wannan doyar ta fi ni fitowa. Maƙwabtanta na kasuwa suka shigo ciki, kowace da ra'ayinta, wata ta ce ta cire tsohon ɗankwalin nan, Mama ta ce da shi aka san ta. Mun yi ta yi kwana da kwanaki, duk ranar da na samu sarari. Ni ina da wanda na fi so, inda take dariya har giɓinta ya fito, amma ta ce ba za a binne ta tana wage baki ba, ta sa na goge. Na goge ina jin zafi.

Wata rana da la'asar, rana ta karkato ta gefen rumfa ta faɗo mata a kunci ɗaya. Ta juyo za ta yi mini magana, na danna. Ba dariya take ba, ba kuma fushi ba, kallon nan ne da take yi wa mutum in tana jira ya gama ƙaryarsa. Tsagen ya fito layi-layi, kowane da 'yar inuwarsa. Ta kalla, ta kai yatsa ta shafa allon, sannan ta shafa kuncinta.

"Wannan ne ni. In na mutu, shi za ki sa. Kin ji ko? Ba matan nan na bayan buhu ba."

Na ce na ji.

Asabar ta gaba na kai hoton taro, don ina alfahari da shi. Ciyaman ya sa katin kyamarar a kwamfutarsa, hoton ya cika allo, 'yan ƙungiya suka taru a bayansa. Ya duba, sannan ya ce hasken ya yi kyau, kuma daga bakinsa wannan babbar magana ce. Amma yana faɗa hannunsa na tafiya da kansa. Na ga 'yar kibiyar kwamfutar ta hau kuncin Mama, layi ɗaya ya fara dushewa. Ban san lokacin da na miƙa hannu ta kan kafaɗarsa na zare katin ba.

Alhaji mai kemis ya ce haba Malama. Ciyaman ya juyo a hankali, ya cire tabarau. Ya ce shekarunsa nawa yana wannan aiki ba a taɓa zare masa abu a hannu ba. Ya ce shi taimakon tsohuwa yake yi, duniya ta wuce zamanin tsage, jikokinta za su ga hoton nan. Na ce to su gani mana. Na ce shi ya goge ta sau ɗaya, hoton ya kwana yana kallon bango, ba zai sake ba ina tsaye. Ya ce dokar wurin nan ce. Na ce dokar ta tsaya a kan fuskokin da suka roƙa. Maganar ta yi zafi, na faɗi abin da ya fi haka, ban kuma janye ba.

An zaci zan daina zuwa. Ban daina ba. Kowace Asabar ina nan a bencina, sabuluna a ɗaure a wuyan hannu, ina kawo hotunan masu gyaran keke da masu soya ƙosai, fuskokinsu yadda Allah ya yi su. Ciyaman yakan duba ya ce hasken ya yi ko bai yi ba, ba ya ƙara komai. Alhaji kuwa ya tare ni wata rana a bakin titi, ya waiga hagu da dama, ya tambaye ni a wane shago na saya, wai 'yarsa ce ke so.

Mama ta rasu da damina, lokacin sabuwar doya, bayan gajeriyar jinya. Ba zan iya rubuta yadda na ji ba, har yau in na wuce layin 'yan doya nakan sauya hanya.

Aka zauna shirin jana'iza a gidan yayana. Da aka zo maganar fosta ya ce ai an gama, akwai hoton situdiyo. Na ce Mama ta zaɓi nata, na fito da kyamara na nuna. Ya kalla sau ɗaya ya kau da kai. Ya ce abokan aikinsa za su zo, manya za su zo, ba zai kafa hoton uwarsa da tsohon ɗankwali a gaban doya ba. Na ce a gaban doyar nan aka biya masa kuɗin makaranta. Dangi suka shiga tsakani, aka ce a je a gwada, in ya yi kyau a babba a sa shi.

Muka je wurin Ciyaman tare. Ya yi mana ta'aziyya sosai, har idonsa ya kawo ruwa, don ya san ta. Ya ja hoton zuwa girman fosta, ya buga gwaji. Gaskiyarsa ce. Fuskar ta farfashe ta zama ƙananan murabba'ai, idon ya dagule, tsagen ya koma kamar tabon ruwa a bango. Ban yi gardama ba, abin da ido ya gani ne. Yayana ya sauke numfashi, ya ce to shi ke nan, ya ba da odar babbar fosta da hoton leshi, ya fita.

Ni ban fita ba. Na tambayi Ciyaman, a girman foskad fa? Ya ce a nan kam garau zai fito, ai ya faɗa mini tun ranar farko. Na ce to ya buga mini a ƙasa da haka ma, daidai tafin hannu, da yawa, har sai takardarsa ta ƙare. Kuma kada ya taɓa komai.

"Ko haske kaɗan ba zan ƙara ba?"

"Ko kaɗan, Baba."

"To ba zan buga tambarin situdiyona a baya ba."

"Ban nema ba."

Na ja kujera na zauna kusa da shi, idona a kan hannunsa, har injin ya gama fitarwa. Shi ya yanka su da kansa, a tsanake, gefe daidai da gefe, don ko yana fushi ba ya iya aikin banza. Daga nan na shiga kasuwa na sayi fil, irin wanda ake kama zani da shi.

A Arikya aka yi jana'izar. An kafa rumfuna a filin gidan kakanni, an ɗaure babbar fostar a bakin shiga, matar nan fara mai leshi tana kallon kowa. Tun da safe na tsaya a gefenta da jakata. Duk wadda ta zo cikin matan zumuntar coci da 'yan kasuwa, in miƙa mata hoto da fil. Sai su kalla, su ce ayya, ga ta nan, su maƙala a ƙirji a kan ankonsu. Kafin fasto ya iso, duk inda ka juya Mama ce ke kallonka, tana jira ka gama ƙaryarka. Yayana ya hango daga rumfar manya, ya aiko matarsa ta ce in bari. Na ce ta gaya masa fostarsa tana nan, ban taɓa ta ba.

Can sai ga wata tsohuwa an sauke ta daga mashin, 'yar ƙarama, da sanda, fuskarta da tsage irin na Mama sak. Ƙawarta ce ta ƙuruciya daga kan dutse, na sha jin labarinta amma ban taɓa ganinta ba. Ba ta iya karatu ba. Ta tsaya gaban fostar, ta ɗaga kai ta daɗe tana dubawa, sai ta juya ta kira mai mashin ɗin da hannu.

"Ba nan ba ne. Ka kawo ni mutuwan wani."

Har ta kama kafaɗarsa za ta hau na riƙo hannunta, na sa mata hoton a tafi. Ta kai shi dab da ido. Ta bi layukan da babban yatsa, ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda Mama ta yi a kasuwa. Sai ta kira ta da wani suna da ban taɓa ji ba, sunan da ake kiranta kafin a yi mata baftisma, ta zauna a ƙasa a wurin ta fashe da kuka. Na durƙusa na rungume ta. Tun rasuwar ban yi kuka sosai ba sai a lokacin.

Da na ɗago, yayana yana tsaye a kanmu. Ya ji abin da ta ce wa mai mashin, don duk wanda ke bakin shiga ya ji. Ya taimaka aka ɗaga tsohuwar aka kai ta inuwa, sannan ya dawo inda nake. Bai kalle ni ba, fostarsa yake kallo.

"Akwai saura?"

Na ba shi ɗaya. Ya karɓa zai zura a aljihu, na ce a'a, ba a nan ake sa shi ba. Na kama gaban farar rigarsa, yadda Mama ke kama shi yana yaro in za ta goge masa baki, na soka fil ɗin na maƙala masa ita a ƙirji. Abokan aikinsa na kallo daga rumfa. Ya tsaya cak har na gama, kuma bai cire ba har aka rufe kabarin.